Tufafin Maza Cikin Wasan Kwaikwayo

Turawa suna da wani irin wasan kwaikwayo da su ke kira ofera. Asalinsa daga Italiya ne, wajen shekara ta 1600, kuma abin da ya raba shi da sauran wasanni shi ne galibi ba a magana a cikinsa sai da waƙa. Sarki ya ba da umurni da waƙa, bawa ya amsa da waƙa, har wanda aka soka da takobi ba ya faɗuwa sai ya rera tasa ya ƙare. Wanda bai saba ba ya kan yi dariya ran farko. Amma ko mutum bai ji kalma guda ta Italiyanci ba, in ya zauna ya kalli hoton wasan, akwai abin da ba zai kasa yabawa ba, watau ɗinkin tufafin mazan da ke ciki.

Ka duba hafsan soja ya fito dandali. Rigarsa ta kama kafaɗa, ta bi ƙirji, ta tsuke a ƙugu, ba tattara ba ɓaraka, kamar a jikinsa aka zuba ta. Alhali kuwa mutumin nan aikinsa jan numfashi ne, ya cika ƙirji ya ɗaga murya har na can bayan zaure ya ji ba da lasifika ba. Sabo da haka telan ya kan ɓoye sarari a hammata da gadon baya, inda ido ba ya kaiwa, yadda mawaƙi zai kumbura rigar ba ta tsage ba. Ya kan kuma bar rarar yadi a cikin ɗinki, domin baɗi wataƙila wani mai ƙiba ne zai sa ta, sai a farke a buɗa. A cikin wuyanta a kan liƙa ɗan ƙyalle a rubuta sunan wasan da sunan wanda ya sa, a kai ma'aji a rataye. In kuwa rigar matalauci ce a ke so, sai a ɗinka ta sabuwa ful, sa'an nan a miƙa wa wani ma'aikaci ya tsufar da ita da gangan, ya goge gwiwar hannu, ya shafa mata launi kamar na ƙura da gumi. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni sha'awa, don ya nuna mutanen sun san abin da su ke nema.

Ga misalin iyakar kularsu. Isma'il Basha, mai mulkin Masar, ya sa aka nemi Verdi, mashahurin makaɗin Italiya, ya shirya wa gidan ofera na Alƙahira wasa. Wasan shi ne Aida, labarin wata 'yar sarkin Habasha da aka kamo baiwa a zamanin Fir'aunoni. Ba a bar zancen tufafi ga wanda ya ga dama ba. Mariette, wani Bafaranshe wanda ya ƙare rayuwarsa wajen haƙo kayan tarihin Masar, shi aka ɗora wa duba su, ya tafi Faris inda a ke ɗinkin. Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamus a 1870, aka kewaye Faris, kayan suka maƙale a ciki. Sai aka ɗage wasan. Ba a yi shi ba sai ran 24 ga Disamba, 1871. Sarki da dukiyarsa, makaɗi da sunansa, duk suka zauna jiran riga.

To, mu fa? Mai karatu zai ce ai ba mu da ofera. Gidan da aka gina mata musamman, da labule da kujeru, wannan kam babu. Amma wanda ya san ƙasar nan tamu ta Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san abin da ya yi kusa da ita ƙwarai, domin ƙasa ce da ta yi suna a kiɗan fada irin na kotso. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan ƙasar Bakura ne da ya yi zamansa a ƙasar Maradun, ya yi wa Sarkin Ƙayan Maradun kiɗa tun sunansa bai kai ga Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ba. Sa'idu Faru kuwa ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, shekaru da yawa kafin ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1996. Ka tuna yadda a kan yi. Basarake na zaune, fadawa sun kewaye shi kowa a gurbinsa. Makaɗi ya ja baiti, 'yan amshi su karɓe, sanƙira ya kutso da kirari, a yabi wannan, a yi wa wancan habaici yana zaune yana ji ba shi da bakin ramawa. Labari ne a ke bayarwa da waƙa, a gaban jama'a, ko wane mutum da matsayinsa. Kuma duk wanda ke wurin, tufafinsa sun riga sun faɗi ko shi wane ne tun bai buɗe baki ba.

Har ladan ma riga ce. In waƙa ta ratsa basarake, babbar kyautarsa ita ce ya sa a kawo riga, ko ya tuɓe ta jikinsa a yafa wa makaɗi. Shi ya sa za ka ji makaɗan fada suna lissafin abin da aka ba su, doki da sirdi da rawani, kuma ba su kan ce riga kawai su wuce ba, sai sun faɗi irinta, don jama'a su auna girman mai kyautar. Masu sauraro na wancan zamani sun san bambancin kore da gare kamar yadda yaran yanzu su ka san bambancin wayoyin hannu.

Ban da fada, akwai kwaikwayo na sosai wanda mu ka gada. A wasan gauta matan gidan sarauta su kan sa tufafin maza, wata ta fito a sarki, wata a waziri, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu. A kalankuwa, bayan an kau da amfanin gona, samarin ƙauye su kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu, a zamanin Turawa har da Razdan da Di'o cikin gajeren wando da hular hana-salla. A tashe, cikin watan azumi, yaro ya liƙa gemun auduga ya jawo rigar kakansa tana share ƙasa, kowa ya gane tsoho ya ke kwaikwayo. Ko 'yan bori, ba don in yabi aikinsu ba, ba su yarda a fito da Ɗan Galadima cikin tsumma, sai da riga ta 'ya'yan sarakuna. Duk waɗannan ba su karanta littafin kowa ba, amma sun san cewa a wasa riga ce ta kan fara magana.

Sai dai kafin a ce riga ta yi kyau ko ba ta yi ba, ya kamata a san cewa abin da a ke kira gwanintar ɗinki wurin Bature dabam, wurinmu dabam. Telan Bature da almakashi ya ke aiki. Ya auna mutum gaɓa gaɓa, ya yanka yadi ya bi lanƙwasar jiki, abin da ya rage ya zubar. Maɗinkinmu na dauri kuwa da ƙyar ya ke yanka. Masaƙi ya kan kawo masa saƙa siririya doguwa, wata faɗinta bai wuce yatsa biyu ko uku ba, shi kuma ya jera ta tsaye, ƙwarya bayan ƙwarya, ya haɗa da allura. Rigar ƙwarai ta kan ci ƙwarya hamsin, wata har ɗari, kuma yawan ƙwarya da ƙanƙantarta su ne darajarta. Ba a yi babbar riga don ta bi jiki ba. An yi ta ta fi mai ita faɗi nesa, ta zubo daga kafaɗa da nauyinta, ta yi tsaye in ya tsaya, ta yi taƙama in ya yi tafiya, ta bazu ta cika wuri in ya zauna. Rigar Bature tana nuna ƙirar mutum, tamu tana nuna matsayinsa.

Ka lissafa hannun da ta kan bi. Mata su gurje auduga su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa. In baƙa ce a kai marina, a tsoma a baba sau da yawa. Maɗinki ya haɗa, ya yi cin wuya, ya ɗora aljihu babba a ƙirjin hagu. Mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri da hannunsa ya saba da alƙalami, ya zana aikin. Mai aiki ya zauna wata da watanni yana cike zanen da allura. Daga ƙarshe mabugi ya ɗora ta a kan gungume ya buga, in kore ce da shuni, har ta riƙa ƙyalli. Ga saƙi, mai ɗigon fari da baƙi kamar gashin zabo. Ga tsamiya, wadda a ke samu daga gidan wata tsutsa, a dafa da ruwan toka a kaɗa, launinta ƙasa-ƙasa ba ya ɗaukar ido amma ya fi su duka tsada. Ga barage mai ratsin alharini, shi alharinin kuwa a da ta hamada a ke kawo shi daga Tarabulus. Aikin ma da sunayensa. Kwaɗo da linzami shi ne mai sauƙi. Aska biyu ta ɗara shi. Aska takwas, mai tsinaye takwas zube a kan aljihu da gefen wuya, ga tambari kewayayye a ƙirjin dama da wani a baya, ita ce ta manya. Nufawan Bida sun yi suna a wannan aiki, har a kan ce girken Nufe, haka kuma birnin Zariya da Kano.

Akwai wani abu ƙarami da na ke so mai kallo ya riƙa lura da shi, watau shafi. Shi ne ƙyallen da a kan bi bakin riga da shi ta ciki, sau da yawa na alharini ja. In riga tana rataye ba ka ganinsa. Sai mai ita ya saɓa hannunta a kafaɗa, sa'an nan jan ya leƙo. Ka ga maɗinkin ya yi aikinsa yana tunanin motsin da mutum zai yi, daidai da telan oferan nan mai ɓoye sarari a hammata. A nan ne gwanayen biyu su ka haɗu, ko da ya ke ba su san juna ba.

Da aka fara rubuta wasan kwaikwayo da boko, ƙasar nan ba ta zo a baya ba. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wanda aka buga a 1949, yana cikin na farko-farko da Bahaushe ya rubuta da kansa. Bayansa Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Waɗannan wasanni a makarantu aka fi yin su, kuma zancen tufafi bai ba kowa wahala ba a lokacin, don yaro zai je gida ya aro rigar ubansa ko ta maƙwabci, rigar kuwa ta gaske ce, ta zamanin da wasan ke magana a kai. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma a nan ya rufe. Wahala ta fara ne ran da zamanin labari ya yi nisa da zamanin masu wasa.

Wanda ya fi kowa tsallake wannan wahala, a ganina, shi ne Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin, aka buga a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay su ka mai da shi wasan dandali, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Fim ɗin ya ɓace shekaru, har aka gano shi, aka gyara, aka nuna a Balin a 2018. Labarin na zamanin bauta ne, kafin zuwan Turawa, ya tashi daga fadar Kagara ya ratsa hamada. Abin da ya kama idona a cikinsa shi ne mazan ba su san suna sanye da kayan wasa ba. Malami ya zauna a buzu ya tattara rigarsa yadda malamai ke yi. Bafade ya durƙusa gaisuwa rigar ta bi shi ba ta harɗe shi ba. Dalili kuwa a fili ya ke, a 1976 waɗanda su ka girma cikin babbar riga suna nan da ransu, da su aka yi wasan.

Haka Samanja. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi soja na gaskiya kafin ya yi na wasa. Kakinsa ya sha sitati da guga, bel ya zauna inda ya kamata, hula ta karkace daidai gwargwado. Da za a ba wani farar hula kakin nan, da mutane sun yi dariya tun bai yi magana ba, amma dariyar raini. Shi kuwa sai da ya sa ka yarda samanja ne tukuna, sa'an nan ya buɗe baki da Hausarsa ta bariki ya kashe ka da dariya. Ɗinkin Turawa ke nan a jikin wanda ya san shi.

Yanzu sai mu zo ga finafinan Kano, waɗanda su ka fara da Turmin Danya a 1990, su ka bunƙasa da waƙa da rawa musamman bayan Sangaya a 1999. Tun da labari da waƙa su ke haɗawa, su ne oferar talakanmu ta yau, kuma a Mafara da Bakura da Maradun babu gidan da ba a kallonsu, ko a talabijin ko a waya. In sun yi labarin zamanin nan, ba ni da ta cewa sai yabo. Telolin Kano sun gwanance da kaftani. Kafaɗa ta zauna, hannu ya tsaya a wuyan hannu, wando ya sauka a kan takalmi bai taru ba. Sun ɗauki almakashin Bature sun yi abin kansu da shi. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ƙara da wani abin da ya fi wannan wuya, ya bar talaka ya fito da rigar da ta sha wanki ta koɗe, mai shayi ya yi kama da mai shayi.

Amma da zarar an ce labarin sarakunan da ne, sai abin ya rikice. Za ka ga sarkin da aka ce ya yi zamani shekara ɗari biyu da su ka wuce, ga shi cikin shadda 'yar Ostiriya mai ƙyalli kamar madubi, da aikin kwamfuta a ƙirji, zare mai ruwan zinariya. Ga yarima da hula zanna bukar, hular da ta ɗauki sunan Zanna Bukar Dipcharima, minista a Jamhuriya ta Farko. Wani ma agogo na leƙowa daga hannun riga. Alkyabba, wadda a ke yafa wa mutum ran naɗi don a san ya shiga sahun masu sarauta, sai ka ga an yanko ta daga yadin labule an rataya wa duk wanda ya tsaya kusa da sarki. Rawani mai kunne biyu, wanda a Kano da waɗansu masarautu na jinin sarauta ne, sai ga shi a kan maroƙi. Manomi ya fito daga gona da taguwa sabuwa, layin ninki bai ko baje ba. In aka zo waƙa kuwa, sai yarima ya ɓace ya komo cikin doguwar rigar angwayen Indiya. Ba finafinan Kano kaɗai ba, fim ɗin Amina da aka fitar a 2021 da kuɗi masu yawa ya sha gunaguni daga mutanen Arewa a kan tufafinsa da harshensa.

Abin da ya fi damuna cikin waɗannan duka shi ne rigar bafade ta fi ta sarki. A fada ta gaskiya wannan ba ya yiwuwa. Kowa ya san iyakarsa, kuma wanda ya yi shigar da ta wuce matsayinsa ya jawo wa kansa magana, wataƙila ma makaɗi ya sa shi a waƙa. To in labarin fim ɗin na hassada ne tsakanin waziri da galadima, ko na bawa da ya ɗaukaka, da riga a ke nuna hawa da sauka. A fara da shi cikin 'yar shara, a gan shi ran da aka ba shi kwaɗo da linzami, a gan shi ran da ya sa aska takwas fadawa su ka fara kallonsa a kaikaice. Wannan rabin labari ne, an ba da shi ba a ɓata kalma ko ɗaya ba. In kowa ya fito yana walƙiya tun daga farko, an zubar da wannan duka, sai a koma ana cika mu da surutu don a bayyana abin da ido ya kamata ya gani.

Sa'an nan ga sawa. Yaro ya tashi cikin kaftani da wandon Turawa, ran ɗaukar fim a zuba masa babbar riga. Kai ka san ba shi ya sa ta ba, ita ta sa shi. Ko wane taku sai ya kai hannu kafaɗa, wannan gefe ya zame ya gyara, wancan ya zame. Dattijon da ya saba sau ɗaya ya kan saɓa, ya ɗan ɗaga kafaɗa, shi ke nan har a tashi. Rawani kuma an naɗa masa kamar an ɗaure kai don ciwo, amawali ya rufe hanci yana magana ba a ji. Kama da wane dai ba ta wane.

Masu fim suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Su kan ce kuɗi. Rigar saƙi mai aikin hannu ta fi ƙarfin abin da a ke kashe wa ɗan wasa guda, kuma fada ba ta cika da mutum ɗaya. Su kan kuma ce mai kallo ƙyalli ya ke so, in aka ba shi tsamiya sai ya ce sarkin nan matsiyaci ne. Ta farkon na karɓa rabi. Ba lalle ne ko wace riga ta zama ta ainihi ba. Telan ofera ma da yawa abin da ya ke nunawa kamar zinariya fenti ne. Abin da a ke bukata yanayin ya yi daidai, watau faɗin, da nauyin, da launin, da zanen. Farin yadi mai kauri da aka tsaga aka sake haɗawa ƙwarya ƙwarya, aka rina a marina, zai yi kusa da gaskiya fiye da shadda, kuma bai kai ta tsada ba. Riguna uku ko huɗu na ƙwarai sun isa waɗanda kyamara za ta matsa kusa da su. Ta biyun kuwa ban karɓa ba. Mai kallo abin da aka saba masa da shi ya ke so. Duro Ladipo ya ɗauki wasansa na waƙa, Oba Koso, da tufafin Yarabawa na gargajiya ya kai Balin a 1964, ba wanda ya ce Sango matsiyaci ne.

Wani zai ce wannan duk zancen ado ne, me ya kai mutum mai aikin yi ga damuwa da shi? Abin da ya kai ni shi ne, yaron da ke Bakura yau bai taɓa ganin kore da idonsa ba. Abin da ya sani game da kakanninsa a fim ya gani. In fim ya ce masa sarakunan Zamfara da na Gobir shaddar waje su ke sawa, zai tashi yana zaton mu tun fil azal masu saye ne, ba mu taɓa yin abin kanmu ba. Alhali Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a can suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Audugar Zamfara kuwa ita ta sa aka kafa injin gurza da masaƙa a Gusau, masaƙar da ta daɗe da rufewa. Masu aikin allura sun tsufa, 'ya'yansu sun tafi haya da babur ko haƙar zinariya. Rashin zaman lafiya ya ƙara nasa, ƙauyuka da yawa sun watse, a 2021 har gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci, kasuwa kuwa nan ne masaƙi da marini da maɗinki su kan sadu. Basarake ya kan yi odar riga ɗaya ko biyu a shekara. Fim guda na tarihi, in da gaske a ke yinsa, zai ba tsofaffin nan aikin wata shida, ya sa su zaunar da yara a gefensu.

Abin dubawa kuma bai ɓace ba. Akwai tsofaffin riguna a Gidan Makama a Kano, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Akwai hotunan hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da na bikin mulkin kai na Jihar Arewa a 1959, inda a ke ganin ko wace masarauta da irin naɗinta. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara zanen riguna da yawa, ya kuma shirya nunin sana'o'in Hausa a Landan a 1976. Fiye da waɗannan duka, akwai adaka a gidajen sarauta na Mafara da Burmin Bakura da Ƙayan Maradun, da gidajen zuriyar makaɗan da aka yi wa kyautar riguna, in asu da gara sun bar wani abu.

Mu da aikinmu riƙon littafi ne, abin da za mu iya ba da shawara a kai shi ne ma'aji da rajista. Hukumar al'adu ta jiha ta nemi izinin masu kayan, ta aiki mutum biyu, ɗaya mai kyamara, ɗaya tsohon maɗinki. Ko wace riga a shimfiɗa ta a tabarma, a auna faɗi da tsawo, a ƙirga ƙwarya, a juya ta a duba shafi da bayan aiki, a rubuta sunan saƙar da sunan zanen, da wanda ya sa ta, da ranar da a kan sa ta, ko ta salla ce ko ta zaman fada ko ta hawa. Daga nan a sa a ɗinka kwatankwacinsu kamar talatin, daga ta sarki har ta ɗan sirdi, da bujensu da hulunansu haɓar kada da dara da rawunansu harsa da ɗankura, a ba ko wace lamba a rataye. Mai fim ko malamin makaranta ya zo ya sa hannu ya ɗauka haya, ya komo da ita a duba a soke sunansa. A haɗa masa da dattijo ɗaya daga cikin fadawa, ya yi kwana uku yana koya wa yaran naɗi da saɓi da zama, a biya shi ladansa cikin kuɗin hayar.